Ihun 'Yan Kallo a Kan Kwatabak: Wa Ake Yi Wa, Kuma Ina Iyakarsa?

A daren Asabar 24 ga Agusta, 2019, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Indianapolis Colts tana buga wasan share fage da Chicago Bears a filinta na Lucas Oil, sai labari ya fara yawo a wayoyin 'yan kallo cewa Andrew Luck, kwatabak ɗinta, wato madugun masu kai hari, wanda ƙungiyar ta ɗora dukkan burinta a kansa tun 2012, zai ajiye wasa yana da shekara 29, alhali saura mako biyu a shiga kakar wasa. Luck yana tsaye a gefen fili cikin kayan gida, domin ciwon ƙafa ya hana shi wasa, kuma niyyarsa ita ce ya sanar da duniya washegari, amma wani ɗan jaridar tashar wasanni ta ESPN ya riga shi. Da aka tashi wasa ya nufi ɗakin 'yan wasa, sai wani ɓangare na jama'ar garinsa suka raka shi da ihun nan na "buu" da Amurkawa ke nuna ƙyama da shi. A taron manema labarai da ya kira a daren, idanunsa cike da ƙwalla, bai ɓoye ba cewa ya ji ihun kuma ya yi masa ciwo.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa irin wadda muke kallo daga Turai zai iya mamakin yadda mutum ɗaya yake ɗaukar fushin gari guda, don haka sai an fara fahimtar ginin wasan. A ƙwallon Amurka, wadda gasar NFL mai ƙungiyoyi 32 ke jagoranta, kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, kuma wasan ana yin sa ne guntu-guntu. Ana ba masu kai hari dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun samu a sabunta masu damar, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. A kusan kowace dama, hannun da ƙwallo ke fara faɗawa shi ne na kwatabak, wato madugun masu kai hari. Shi ne yake karɓar umarnin koci ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa, tsarin da aka fara a 1994, kuma ana katse rediyon idan saura daƙiƙa 15 a agogon fara wasa, daga nan sai idonsa da ƙwaƙwalwarsa. Shi ne yake duba yadda masu tsaron baya suka jeru, ya sauya shiri in ya ga tarko, sa'annan ya karɓi ƙwallo ya jefa ta cikin abin da galibi bai kai daƙiƙa 3 ba, yayin da ƙarti masu nauyin fiye da kilo 120 suke rugowa su kayar da shi.

Wannan tsari ya sa kuskurensa ne kaɗai kowa yake gani. Idan ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin da aka jera su kare shi ya saki wanda yake tarewa, ko mai cafkar jifa ya karkata hagu inda aka shirya ya karkata dama, ko koci ya kira shirin da abokan hamayya suka riga suka gano, abin da mai kallo daga saman benci zai gani ɗaya ne, wato ƙwallo ta bar hannun kwatabak ta faɗa hannun abokin gaba. Babba juji ne, kuma a wannan wasa babu jujin da ya kai wannan matsayi. Ga kuma ƙarancin wasanni. Tun 2021 kowace ƙungiya wasa 17 kacal take bugawa kafin zagayen kifa ɗaya ƙwala, takwas ko tara daga ciki a gida, saboda haka rashin nasara ɗaya yana da nauyin da ba ya da shi a gasar da ake buga wasa 38.

Akwai wani abu game da hayaniya a wannan wasa wanda ya sa ihun mutanen gida ya fi zafi. A filayen NFL ihu makami ne da ake amfani da shi bisa tsari. Idan baƙi ne ke kai hari, jama'a sukan cika filin da kururuwa don kada 'yan wasan baƙi su ji muryar madugunsu, wani ya motsa kafin lokaci a ci su tarar yadi biyar. Magoya bayan Kansas City Chiefs sun shiga kundin Guinness a watan Satumba na 2014 da ƙarar da ta kai desibel 142.2 a filin Arrowhead, kuma mutanen Seattle suna kiran kansu ɗan wasa na 12 saboda wannan aiki. Amma da zarar ƙwallo ta dawo hannun ƙungiyar gida, sai fili ya lafa, domin a bar kwatabak ɗinsu ya yi magana a ji shi. Shirun nan shi ne gudummawar da mai kallo yake ba madugunsa. Saboda haka idan mutanen gida suka cika wannan shiru da ihun ƙyama, sun janye taimakon da suka saba bayarwa, sun kuma yi wa nasu abin da aka tanada domin baƙo. Ihun da ake yi wa kwatabak a garin wasu ba ya damun kowa, ana ma ɗaukarsa a matsayin shaidar cewa ana shakkarsa. Lokacin da Russell Wilson ya koma Seattle a Satumba 2022 sanye da rigar Denver Broncos, bayan ya yi kaka goma a can har ya kawo masu kofin Super Bowl, wato kofin zakaran gasar NFL, an yi masa ihu mai yawa, kuma ba wanda ya ga abin mamaki. Abin da ya fi jan hankali ya faru ne mako guda bayan haka a Denver, inda magoya bayansa na gida suka yi wa masu kai harinsu ihu, suka kuma riƙa ƙirga masu agogo da ƙarfi saboda suna yawan makara wajen fara wasa.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce wa ake nufi da ihun, kuma babu misalin da ya fi bayyana amsar kamar na Donovan McNabb. A taron zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i na 1999 a New York, Philadelphia Eagles ce ke da zaɓi na biyu. Jama'ar garin da yawa, har da magajin gari na lokacin Ed Rendell, suna son a ɗauki Ricky Williams, gwarzon gudu da ƙwallo daga Jami'ar Texas. Wani gidan rediyon wasanni ya kwashi magoya baya kusan 30 zuwa wurin, kuma da aka kira sunan McNabb sai suka ɓarke da ihu a gaban kyamarori. Saurayin bai taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya da rigar Eagles ba, bai yi wa kowa laifi ba, ranar farin cikinsa ce da iyayensa. Masu ihun suna magana ne da shugabannin ƙungiya, amma shugabannin suna zaune a ofis, shi kuwa yana tsaye a kan dandamali. An bar jaki ana dukan taiki. Daga baya McNabb ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na rukunin NFC, ɗaya daga cikin rukunan gasar biyu, sau biyar, ya kai ta Super Bowl a Fabrairun 2005 inda New England Patriots ta doke su 24 da 21, amma ihun ranar farko ya ci gaba da binsa a duk hirar da aka yi da shi game da garin.

Sai mutum ya dubi yadda NFL take kafin ya gane dalilin da ya sa mai goyon baya yake komawa ga maƙogwaronsa. Gasar a rufe take, babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni, don haka attajirin da ƙungiyarsa ta shekara goma tana shan kashi ba ya rasa kujerarsa, kuma kasonsa na kuɗin talabijin yana shigowa daidai da na zakara. In ban da Green Bay Packers wadda jama'a ke da hannun jari a cikinta, babu ƙungiyar da magoya baya ke da ta cewa a shugabancinta. Mai ƙungiya yana iya ma kwashe ta ya bar gari. Colts ɗin nan da Luck ya buga wa, cikin dare aka loda kayanta a manyan motoci daga Baltimore zuwa Indianapolis a 1984. Tsohuwar ƙungiyar Cleveland ta koma Baltimore a 1996, Chargers ta bar San Diego a 2017, Raiders ta bar Oakland zuwa Las Vegas a 2020, duk da cewa filaye da yawa da kuɗin harajin jama'a aka taimaka aka gina su. Mutumin da ya gaji son ƙungiya daga mahaifinsa, yake biyan tikitin kaka gaba ɗaya tun kafin ya san wa zai buga, ba shi da ƙuri'a, ba shi da taron da zai je ya yi ƙorafi. Hanyoyi biyu suka rage masa, ko ya bar kujerarsa babu kowa ko ya zo ya yi ihu, kuma wanda ya zo ya yi ihu har yanzu bai cire rai ba.

Saboda wannan ne nake ganin bai dace a yi wa ihu kuɗin goro a ce duk rashin tarbiyya ne ba. Idan ƙungiya ta fito ba shiri, kwatabak yana ta maimaita kuskure ɗaya, koci ya ƙi sauya komai, ihun 'yan kallo hukunci ne a kan aiki, kuma aikin da aka sayar wa jama'a da tsada dole jama'a su faɗi ra'ayinsu a kansa. Dokar ladabin 'yan kallo da NFL ta fitar a 2008 ta hana maye da zagin batsa da jifa da tsangwamar sauran 'yan kallo, amma ba ta hana ihu ba, kuma daidai ne da ba ta hana ba. Masu kare ihu suna ƙarawa da batun kuɗi. A 2020 Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City Chiefs, ya sa hannu a kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 450, a 2024 kuma Dak Prescott na Dallas Cowboys ya kai dala miliyan 60 a shekara, a daidai lokacin da iyakar abin da aka yarda ƙungiya ta kashe a kan albashin 'yan wasanta duka bai fi dala miliyan 255 da 'yan kai ba. Wato duk abin da aka ba kwatabak an rage shi ne daga abin da za a ɗauko masu kare shi da masu cafkar jifarsa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya karɓi kaso mafi tsoka ba zai ce kada a tuhume shi ba. Na yarda da wannan hujja matuƙar ana maganar wasa ne. Inda take rushewa shi ne lokacin da aka ɗauka cewa albashi ya sayi jikin mutum da mutuncinsa gaba ɗaya.

Ba kowane ihu ne kuma yake fitowa daga allon maki ba. An daɗe a Amurka ana hana baƙaƙen fata wannan matsayi bisa ƙaryar cewa ba su da basirar jagoranci, har sai a Janairun 1988 Doug Williams ya zama kwatabak baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl. A 2003 mai sharhi Rush Limbaugh ya faɗa a ESPN cewa 'yan jarida suna kambama McNabb ne don suna son ganin baƙar fata ya yi nasara, maganar da ta sa ya bar aikin cikin 'yan kwanaki. A 2016 kuma Colin Kaepernick na San Francisco 49ers ya sha ihu a filaye saboda durƙusawa lokacin taken ƙasa don nuna adawa da kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙaƙen fata, kuma bayan wannan kaka babu ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa. Sautin ihun iri ɗaya ne a kunne, amma abin da ke ƙarƙashinsa ya bambanta ƙwarai.

Inda al'amarin ya fi muni shi ne lokacin da ihu ya juye ya zama tafi, aka yi murna da raunin ɗan wasan gida. Tim Couch, wanda Cleveland Browns ta ɗauka a zaɓi na ɗaya a shekarar da aka ɗauki McNabb, an jefa shi cikin sabuwar ƙungiyar da ba ta da katangar kirki ta masu kare kwatabak, aka kayar da shi fiye da sau 50 a kakarsa ta farko. A Oktoban 2002, a wasa da Baltimore Ravens, ya samu bugu a kai, yana ƙasa wasu mutanen garinsa suna sowa don za a sako wanda suke so. Bayan wasan ya yi magana da 'yan jarida yana kuka. Shekara goma bayan haka, ranar 7 ga Oktoba, 2012, abin ya maimaitu a Kansas City. Kafin wasa jirgin sama ya zagaya filin da ƙyalle mai kiran a kori babban manajan ƙungiya a kuma ajiye kwatabak Matt Cassel a benci, wanda wannan ƙorafi ne na halal. Amma da Haloti Ngata na Ravens ya buge Cassel ya kwanta a ƙasa da girgizar ƙwaƙwalwa, sai aka ji tafi daga wani sashe na 'yan kallo. Eric Winston, ɗaya daga cikin masu kare Cassel, ya tara 'yan jarida a gaban akwatin kayansa ya ce su 'yan wasa ne, ba bayin da ake haɗawa faɗa a dandalin tsohuwar Roma ba, kuma abin da ya ji ya tayar masa da zuciya. Ya amince cewa mai tikiti yana da damar yin ihu, amma ya ce murna da suman ɗan Adam wani abu ne daban. Winston ɗin nan shi ne 'yan wasa suka zaɓa shugaban ƙungiyarsu ta ƙwadago a 2014.

A shekarar da ta biyo baya aka ga na Matt Schaub a Houston, kuma labarinsa yana nuna ramin da ke cikin tunanin masu wannan tafi. Schaub ya yi wasa huɗu a jere a kowanne yana jefa ƙwallon da abokin hamayya ya cafke ya ruga da ita har ya ci maki, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. An ƙona rigarsa a wajen fili. Ranar 13 ga Oktoba, 2013, ya ji rauni a idon sawu a wasa da St. Louis Rams, wasu suka yi sowa, aka sako T.J. Yates da suke ta kira. Ba a jima ba Yates ya yi irin jifar da ake zagin Schaub a kanta, aka cafke aka ruga kusan tsawon fili. Houston ta sha kashi 38 da 13, ta ƙare kakar da nasara 2 da rashin nasara 14. A kowane gari ɗan wasan da aka fi ƙauna shi ne kwatabak na benci, domin bai riga ya yi kuskure a gaban kowa ba, kuma ƙaunar takan ƙare a ranar da ya shigo ya tarar da katanga ɗaya da koci ɗaya da wanda ya gada ya yi fama da su.

Mafi wuyar hukunci a cikin waɗannan shi ne na Deshaun Watson. A 2022 Cleveland ta ba da zaɓinta na zagayen farko na shekara uku ta karɓo shi daga Houston, ta ba shi dala miliyan 230 da za a biya ko ya buga ko bai buga ba, alhali mata fiye da 20 sun shigar da ƙararsa a kan cin zarafi lokacin tausa. Ya musanta zargin, ba a gurfanar da shi a kan laifi ba, ya sasanta yawancin ƙararrakin, NFL kuma ta dakatar da shi wasa 11 tare da tarar dala miliyan 5. Magoya baya da yawa, musamman mata, sun ji an tilasta masu tafa wa mutumin da zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba, ga shi kuma wasansa bai yi kyau ba. Ranar 20 ga Oktoba, 2024, a wasa da Cincinnati Bengals, agararsa ta tsinke, aka fitar da shi a ƙaramar mota yana kuka, wasu kuma suna sowa. Myles Garrett da Jameis Winston, abokan wasansa, sun yi tir da hakan. Ina fahimtar fushin mutanen Cleveland, ina ma ganin ihun da suka riƙa yi masa yana tsaye da ƙafarsa yana da tushe, domin ita ce kaɗai hanyar da za su gaya wa masu ƙungiya cewa ba da yawunsu aka yi cinikin ba. Amma tsinkewar jijiya ba ta bi wa ko mace ɗaya haƙƙinta ba, ba ta kuma rage wa waɗanda suka sa hannu a kwantiragin komai ba, don haka sowar ba ta amfani waɗanda ake cewa dominsu aka yi ta ba.

Idan aka dawo kan Luck da wannan ma'auni, sai a ga ihun da aka yi masa ba shi da madogara ko ɗaya daga cikin waɗanda ke kare ihu. Bai yi mummunan wasa ba, domin a 2018 ya jefa ƙwallon cin maki sau 39 aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi farfaɗowa. Shugabanni ba su yi wani zaɓi da za a ce saƙon nasu ne ba. Abin da ya yi shi ne ya ce jikinsa ya gaji. A 2015 ƙodarsa ta tsage a wasa da Denver kuma ya ƙarasa wasan har suka ci, an yi masa tiyata a kafaɗa ya rasa kakar 2017 gaba ɗaya, ga haƙarƙari da bugun kai, ga ƙafar da ta ƙi warkewa. Ya bayyana rayuwarsa a matsayin zagayen rauni da ciwo da jinya da ba ya ƙarewa, wanda ya cire masa daɗin wasan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ana iya yi wa waɗanda suka yi ihun uzuri da cewa labarin ya faɗo masu ba shiri, bayan sun biya kuɗin kaka suna tsammanin kofi, kuma cikin fili mai ɗaukar dubun dubata ba kowa ne ya yi ba. Amma uzurin ya nuna matsalar da kanta, wato an wayi gari mai kallo yana lissafin ɗan wasa kamar kayan da ya saya. Wasan haɗa ƙungiyar gizo a intanet, inda mutum yake zaɓar 'yan wasa na gaske ya tara maki da ƙwazonsu, da kuma cacar wasanni da ta bazu bayan Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta taƙaita ta a Mayun 2018, sun ƙara wa wannan tunani ƙarfi, domin yanzu kuskuren kwatabak ko ritayarsa yana taɓa aljihun wani kai tsaye, kuma ihun da a da yake ƙarewa a fili yana bin ɗan wasa da iyalinsa har cikin wayarsu.

Kuma masu ihun ba za su ce ba su san abin da wasan yake yi wa jiki ba. Shekara biyu kafin daren Luck, masu bincike na Jami'ar Boston sun wallafa cewa cikin ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da iyalansu suka bayar bayan mutuwarsu, 110 suna ɗauke da cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan bugun kai. Iyalan da suka ga alamun cuta ne suka fi bayarwa, don haka adadin ba ya wakiltar kowa, amma labarin ya shiga kowane gida a Amurka. Jama'ar filayen nan sun kuma nuna cewa sun san yadda ake yin shiru. Ranar 2 ga Janairu, 2023, da zuciyar Damar Hamlin na Buffalo Bills ta tsaya a tsakiyar fili a Cincinnati, dubban magoya bayan abokan hamayyarsa sun tsaya tsit ana ƙoƙarin ceto ransa, aka soke wasan ba a ƙarasa ba, mutane kuma suka zuba miliyoyin daloli a asusun tallafin yara da ya kafa. Hamlin mai tsaron baya ne wanda ba a ɗora wa nauyin gari ba, shi ya sa babu wanda ya sha wahalar ganinsa a matsayin ɗan wani. Couch da Cassel da Schaub su ma sun kwanta a kan irin wannan ciyawa, a gaban mutanen garinsu, kuma abin da ya raba su da shi shi ne matsayin da suke bugawa.